Katakon da Ya Zame da Yazid

Daura,
ranar Talata, farkon Agusta.

Zuwa ga Yayana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta ladabi daga ƙanwarka Rabi, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali duka. Yaya damina a Damagaram? Yaya aikin rufin da ka ce kun kama, da ciwon gwiwar nan taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na yi ta kiranka layin yana yankewa, kuma ko da ya shiga, abin da ke bakina ba ya fita, da na fara sai kuka ya riga ni. Shi ya sa na nemi biro na zauna. Direban da ke bin hanyar Kongolam ya ce ya san shagonka na kafinta, zai ba ka hannu da hannu.

Yaya, ɗana Yazid ya faɗo daga bene. Yana da rai, alhamdulillahi. Na fara da wannan don kada zuciyarka ta tsinke kafin ka kai ƙarshe.

Ka san tun rasuwar mahaifinsu nake sayar da shinkafa da wake a wuraren gini, duk inda yaran nan suka sami aiki nan nake girka tukunyata. Bana wani bene ne a hanyar Mai'adua, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. Yazid yana yaɓen bangon waje, ƙanensa Sada yana ɗora bulo ta ciki.

Ranar Alhamis an wayi gari da ruwa, da ya ɗauke aka ce kowa ya hau. An kafa turaku a jikin bango, an ɗora musu katako guda ɗaya tal, siriri, ba a buga masa ƙusa ba, ba a ɗaure shi ba, kuma ta bayan mutum babu abin dafawa. Simintin da ya zuba a kansa ya sha ruwa ya koma kamar miyar kuɓewa. Silifas ne a ƙafar Yazid. Ina cikin zuba wa wani lebura abinci na ɗaga kai, na ga ya juya zai karɓi kwanon siminti da ake miƙo masa ta taga. Ƙafarsa ta dama ta tafi. Ya kai hannu baya yana neman abin kamawa bai samu ba. Katakon ya juya ya biyo shi.

A kan tarin fasassun bulo ya sauka, da bayansa. Shi da kansa ya sha cewa a kwashe bulon nan daga gindin bango, kullum sai a ce gobe.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba, ludayi na nan a hannuna. Idonsa biyu, yana kallona, yana ta ce mini ba komai, ba komai. Abokan aikinsa suka ciccibe shi, wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, suka yi bakin titi da shi suna neman abin hawa. Sai ga Uzoma, ɗan Ibon nan mai shagon kayan gini a tsallaken titi, ya sheƙo yana ihu a ajiye shi, kada a lanƙwasa masa baya. Ya ɗauko ƙyauren ƙofa sabo daga shagonsa, aka kwantar da yaron a kai, ya sa shi a bayan a-kori-kurarsa zuwa asibiti. Allah ya saka masa.

Likita ya tambayi yadda aka ɗauke shi daga inda ya faɗi. Da aka gaya masa sai ya ce a gaggauta yin hoto. An yi hoto, cinya ta karye, kuma akwai rauni a ƙashin baya. Ya mintsini yatsun ƙafarsa ya ce me yake ji, Yazid ya ce wai an fara ne? Yaya, ni na ga farcen mutumin nan ya shiga fatar ɗana.

Sun ce a kai shi babban asibiti a Katsina. Dangin mahaifinsa kuma sun dage sai dai maɗori, wai akwai wani a Dutsi da bai taɓa kuskure ba. Na ce maɗori ya ɗora cinya, to bayan fa? Suna cewa maganar mace ce. Na sa hannu a takardar tafiya Katsina ba da yawunsu ba, gobe za a wuce da shi, matarsa Barakatu za ta zauna da shi.

Ka zo, Yaya. Kai ne kawunsu, kai suke jin nauyi, kuma kai ka san aikin sama. Ni kaina ya kulle.

Ka gaida mutan gida, ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rabi.

Daura,
ranar Lahadi.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kowa ya tashi lafiya. Saƙonka ya iso, da dabinon da man zaitun, Allah ya bar zumunci. Na fahimci uzurinka. Ka yaye wa mutane rufi a tsakiyar damina, ba za ka bar su ruwa na dukansu ba. Ban ji haushi ba, sai dai na yi kuka.

Na raka su Katsina na dawo, don tukunya ba ta jira, gida biyu ne yanzu a kaina da Sada. Ƙafafun Yazid har yau shiru. Barakatu tana shafa musu man da ka aiko, tana juya shi yadda aka koya mata don kada bayansa ya yi gyambo.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Da na koma wurin gini, Sada na gani a bangon yayansa. Malam Harisu, mai kula da aikin, shi ya maida shi can don a ƙarasa yaɓen. Kuma katakon nan ne, Yaya, shi ɗin dai. An ɗauke shi daga ƙasa, an kankare shi da cokalin gini, an mayar. Na gane shi da wata tsaga da ke bakinsa.

Na daɗe ina zama a wuraren gini amma sai yanzu idona ya buɗe. Matattakalar benen babu abin riƙewa a gefenta, ɗaya ɓangaren fili ne har ƙasa. Guntayen waya da rodi da katako mai ƙusa a warwatse duk inda mutum zai taka, kuma masu ɗauke da kwano a ka ba sa ganin gabansu. Tiyon ruwa yana yoyo a gindin matattakala har gansakuka ta fito. Tsanin da suke hawa ya rasa mataki ɗaya, an ɗaure wani itace da tsumma a madadinsa. Wani lebura ya gaya mini a sama akwai ramin da aka bari don bututu, buhun siminti kawai aka shimfiɗa a bakinsa. Duk wannan yana nan tun kafin Yazid ya faɗo, ina zaune ina kallo ina zuba mai da yaji.

Yanzu kafin in hura wuta sai na share ƙasan wurin. Ina tsince ƙusoshi, ina jan waya gefe, ina watsa yashi inda ke da santsi. Fasassun bulon nan ma na kwashe su da kaina a cikin tsohon daro. Leburori suna tsokanata wai Inna ta zama injiniya. Ba da mugunta suke yi ba, wasu ma sukan taya ni. Amma sama an hana ni hawa, kuma a saman abin yake.

Na sami Malam Harisu na roƙe shi ya ƙara katako, a buga ƙusa, a gitta ko da gora ce ta baya. Ba mugun mutum ba ne, ya je Katsina ya dubo Yazid. Ya ce ya nemi katako an ce ya yi maneji da wanda ke akwai, mai gini yana Abuja yana matsa masa a gama kafin ƙarshen damina. Ya ce kuma kowa da ƙaddararsa. Na ce masa na yarda da ƙaddara, ni da na binne miji, amma ban taɓa jin inda ƙaddara ta hana a buga ƙusa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce zai sake magana. Har yau ban ga komai ba.

Na saya wa Sada takalmin roba mai kaushin ƙasa. Ya sa yini guda ya ce yana dafa masa ƙafa. Na ce ya bar aikin ya nemi wani. Ya ce, “Inna, a daminar nan wa ke gini? In ban hau ba, wa zai riƙe gidan Yaya Yazid?”

Ina zaune a ƙarƙashinsa daga safe har la'asar, wuyana a sama. In ya juya karɓar kwano numfashina tsayawa yake. Na ƙona shinkafa, na zuba gishiri sau biyu, masu saye sun fara ƙorafi. Abinci ba ya wuce mini. Don Allah ko ba za ka zo ba, ka rubuto wa Sada, ko ka neme shi a waya ka yi masa faɗa. Ni ya daina jin tawa.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Rabi.

Daura,
ranar Jumma'a.

Yaya Zakiyyu,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na faɗi maganar da uwa ba ta faɗa.

Ranar Litinin an yi yayyafi. Sada yana sama, ya matsa gefe, ƙafarsa ta zame kamar yadda ta yayansa ta yi. Allah ya sa yana daidai taga, ya cafke bakinta. Katakon ya yi rawa ya tsaya. Sai ya waiwayo yana dariya, wai don kada in tsorata. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na miƙe a gaban kowa na ce, “Sada, in ka sake taka katakon nan ban yafe maka ba, duniya da lahira.”

Har mai kwaɓa siminti ya tsaya da shebur a hannu. Sada ya dube ni, ban taɓa ganin irin wannan kallo a fuskarsa ba. Ya sauko a hankali, ya wanke cokalinsa da hannuwansa a durom, ya fita. Malam Harisu ya ce aikin ciki ya riga ya ba wani, babu gurbi.

Tun daga ranar yana gida. Da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya tashi ya fita. Abincin da na ajiye masa haka nake ɗauke shi. Kiran da ka yi masa ya zo bayan an riga an yi ta, ya ce maka to, to, don ba ya iya yi maka musu. A raina na ce ko ba zai sake yi mini magana ba, ai yana tafiya da ƙafafunsa. Na sami barci a karon farko.

Washegari na je na tarar da wani a bangon. Sunansa Sha'aban, magini ne daga Sandamu, bai daɗe da yin sunan jaririnsa ba. Yaro mai fara'a, ya sayi abinci ya ce Inna hannunki da albarka. Ya hau katakon nan da silifas ina kallo. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: na sauke nawa na ɗora na wata. Ita tana can Sandamu ba ta ma san irin abin da yake takawa ba.

Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya ce ya ji labari, zai kula. Kuma ya kula da katakon, ba shi ya kayar da shi ba. Jiya da azahar yana saukowa ta matattakala zai yi alwala, wata waya da ta fito daga kankare ta harɗe masa ƙafa. Ya tafi ta gefen da babu abin riƙewa. Allah ya taƙaita bai yi nisa daga ƙasa ba, amma ya tokare da hannun dama, wuyan hannun ya karye, haƙoransa na gaba sun zube. Wannan karon ba wanda ya ɗaga shi sai da aka kira Uzoma. Hannun da yake riƙe cokali da shi ke nan, Yaya. Kafin la'asar an ci gaba da aiki. An lanƙwasa wayar da guduma, shi ke nan.

Daga Katsina kuma ba labari mai daɗi. An yi aikin cinya, an sa ƙarfe, sun ce ya yi kyau. Baya dai ana jira. Barakatu ta ce Yazid ya juya fuska bango ya daina magana. Ya ce mata ta koma gidansu ta huta, shi ya gama yawo. Yarinyar nan ta kira ni tana kuka, ni da ya kamata in lallashe ta sai na taya ta kukan.

Ɗaya yana kwance ba ya so ya rayu, ɗaya yana tsaye ba ya duban idona, ga ɗan mutane da karyayyen hannu. Na rasa inda zan sa kaina. In na daina zuwa wurin, wa zai share? In na je, me nake tsarewa? Ka gaya mini abin da zan yi, ko mene ne zan yi shi.

Ƙanwarka da ke cikin damuwa,
Rabi.

Daura,
ranar Laraba, farkon Satumba.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa gare ka da iyali, da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Na ji gwiwar ta sake tashi, don Allah ka rage hawa, ka bar yaran shago su yi.

Ban jira amsarka ba, ka gafarce ni. Na je Sandamu duba Sha'aban. Na tarar da mahaifiyarsa tana ba shi kunu da cokali, matarsa na gefe da jariri. Na zaci za ta juya mini baya in ta ji gurbin ɗana ne ɗanta ya maye, amma ta riƙe hannuna muka yi kuka tare. Cikin hira ta ce ai mai benen nan ɗan garinsu ne, mahaifiyarsa Hajiya Kubura tana nan bayan masallacin Jumma'a. Ban tsaya shawara ba, na ce ta raka ni.

Tsohuwa ce tukuf, da sanda take tafiya. Ta sa aka kawo mana ruwa, ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ban roƙe ta komai don Yazid ba. Na ce ni dai a gyara wurin kafin a kawo wa wata uwa gawa. Ashe ba ta san kowa ya faɗo ba. Ta ce ɗanta yakan turo mata hoton ginin a waya tana sa albarka.

Washegari da hantsi sai ga mota a wurin ginin. Hajiya ta fito, ta ƙi a riƙe ta, ta ce a nuna mata inda yaron ya faɗo. Daga bakin ƙofa zuwa gindin bango sandarta ta yi ta sarƙewa a waya da rodi, ta kusa zamewa a wurin tiyo, sai da na tare ta. Ta daɗe tana kallon katakon. Ta tambayi Malam Harisu ko zai yarda ɗansa ya hau, ya ce a'a. Sai ta sa direba ya kira mata ɗanta, ta yi magana kowa na ji. Ta ce ba ta haife shi don ya tara dukiya a kan ƙasusuwan 'ya'yan mutane ba, kada a sake ɗora bulo ɗaya sai an gyara duk inda ƙafa ke taka, kuma ya nemi waɗanda suka ji rauni. Muna jin muryarsa yana cewa to Hajiya, wallahi ba a gaya masa haka abin yake ba. Ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba, Allah ya sani.

Za ka ce to ai an yi nasara. Ni ma haka na zata.

An rufe wurin, an ce katako zai zo daga Kano, har yau bai zo ba. Mutanen nan kuwa sai sun fita suke ci. Magina da leburori duk suna zaune, kuma sun san wadda ta ja musu. Waɗanda ke kirana Inna yanzu in mun haɗu a hanya sai su kau da kai. Na je ɗauko duwatsun murhuna na tarar an watsar da su cikin kwata. Matar wani lebura ta biyo ni har gida, ta tsaya a tsakar gida ta ce 'ya'yanta sun kwana da yunwa, in zo in ciyar da su tunda ni ce mai tausayi. Na ɗebo mata shinkafa daga wadda ban sayar ba. Ta karɓa, ba ta gode ba, kuma ban ga laifinta ba. Malam Harisu yana tsoron za a sallame shi, shi ma da iyalinsa.

Ni ma sana'ata ta tsaya tare da tasu. Sada har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Yaya, na yi daidai kuwa? Na hana mutum faɗowa na jefa shi yunwa. Ina sallah ina tambayar kaina. In katakon nan bai zo ba, na san abin da zai faru, su da kansu za su roƙi a buɗe su koma kan na da, kuma ba wanda zai sake saurarena. Ba ni da kowa a nan da zan faɗa wa wannan sai kai, kai kuma kana bayan iyaka.

Ka yi mana addu'a, ka sa malaman da ka sani su yi.

Taka har kullum,
Rabi.

Daura,
ranar Asabar, cikin Oktoba.

Yayana Zakiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ka da mutan gida, da barka da gama aiki. Na ji daɗi da ka ce kana tafe mako mai zuwa. Ga yadda za ka same mu, don kada ka shigo ka ruɗe.

Katako ya zo. An jera uku uku an buga musu ƙusa, an gitta abin dafawa ta baya daidai ƙugu. An yi wa matattakala makari, an rufe ramin sama da katako, an jefar da tsohon tsani, an canza tiyo. Malam Harisu bai rasa aikinsa ba, yanzu kullum kafin a tashi sai ya sa an share daga sama har ƙasa, kuma in an yi ruwa ba mai hawa sai an goge an watsa yashi. An raba takalma da hular kwano, wasu na sawa, wasu na rataye su a ƙusa. Mai ginin ya aiko an duba Yazid da Sha'aban. Hannun Sha'aban ya ɗoru, sai dai bai iya damƙe cokali ba tukuna. Masu fushi da ni wasu sun dawo cin abinci, wasu sun koma wurin wata.

Ranar da aka buɗe, na shiga ɗakin Sada na zauna a bakin katifarsa. Na ce na janye maganata, na yafe masa, shi ma ya yafe mini kunyar da na ba shi a gaban mutane. Ya kifa kansa a gwiwata kamar yana yaro. Ya koma aiki. Har yanzu ina ɗaga kai, amma ina iya haɗiye abinci.

Yanzu ga mai nauyin. Likitoci sun zaunar da mu sun ce lakar bayansa ta taɓu, Yazid ba zai sake takawa ba sai wani ikon Allah. Sun faɗa a gabansa. Bai yi kuka ba, ya tambaya kawai yaushe za a sallame shi. Barakatu ta ƙi tafiya ko'ina.

Mun dawo da shi a keken guragu. A ƙofar gida keken ya ƙi shiga, dokin ƙofa ya yi tsawo, sai da maza suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya, maƙwabta sun fito suna kallo suna sannu. Na ga yadda ya runtse ido. Daga nan ya ƙi fita ko tsakar gida.

Jumma'ar da ta wuce Sada ya zo da guduma da yashi da siminti. Ya fasa dokin ƙofar, ya zuba gangare daga zaure har waje, wani kuma a ƙofar ɗakin. Yana cikin goge saman da cokali yana ta sheƙi, sai muka ji murya daga ɗaki. Ashe Yazid yana leƙe ta labule. Ya ce, “Kai, haka za ka bar shi sumul? In aka yi ruwa Inna za ta fara zamewa. Ja tsintsiya a kai tun bai bushe ba.” Sada ya ce shi bai san yadda ake so ba, sai dai a zo a nuna masa. Ƙarya yake, ya sani. Barakatu ta turo keken har bakin ƙofa, Yazid yana nuni da yatsa yana faɗa, wai layin ya karkace, a sake. Ni ina bakin murhu, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Da siminti ya bushe, shi da kansa ya murza keken ya gangara har ƙofar gida, ya zauna a inuwa yana amsa gaisuwa. Bai daɗe ba ya ce a maida shi, kuma washegari bai fito ba. Wata rana yana magana, wata rana ba ya yi. Ban san yadda rayuwarsa za ta kasance ba, yaro da ƙuruciyarsa, ban san me zai yi da hannuwan nan nasa masu kyau ba. In na fara tunani sai in tashi in nemi abin wankewa.

In za ka taho ka zo da zarto da guduma. Yana bukatar abin riƙewa a banɗaki da gefen gado, don ya riƙa ɗaga kansa ba sai an ɗaga shi ba. Sada ya ce zai yi, Yazid ya ce a'a, aikin katako na Kawu ne, shi zai jira.

Allah ya kawo ka lafiya. Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Rabi.